Bargon Gado Na Sha Huɗu

Asabar, 5 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Jiya aka yanke ƙafar mutumin gado na sha huɗu. Ta dama, sama da gwiwa. Ba ni na yanke ba, Babba ne, shugaban sashenmu na ƙashi. Ni riƙewa kawai na yi. Ban taɓa sanin ƙafar mutum na da nauyi haka ba sai da ta rabu da mai ita, ta rage ni kaɗai ke ɗauke da ita.

Tela ne. Babur ya kaɗe shi ranar Litinin a ƙofar shagonsa, ƙashin ƙwauri ya karye, ranar Talata aka ɗaure shi da siminti. Karaya ce irin wadda muke sallama kafin mako ya zagayo. Jiya da safe Sista ta zo canja masa zanin gado, ta yaye bargo, ta tarar yatsun sun yi baƙi, sanyi ƙalau. Simintin ya matse, jini ya daina sauka, ƙafar ta mutu a ciki muna ta wucewa ta gabanta.

Na dawo gida na ci shinkafa faranti guda har da ƙari. Na yi barci sosai. Yanzu ga ni zaune da wannan littafin da wani kamfanin magani ya raba mana tun bara, ina jira in ji wani abu a raina. Shiru.

Lahadi, 6 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na wanke fararen rigunan aiki guda uku. Aljihun ɗaya ya farke. Na ce zan ɗinke, ban ɗinke ba.

Litinin, 7 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Babba ya kira ni ofishinsa, ni da Dogo. Aji ɗaya muka yi da Dogo tun shekarar farko, gawa ɗaya muka koyi aiki a kanta, shi ne ya tare ni ranar da na kusa faɗuwa a kanta. Alƙaliya yake ce mini, wai ba a taɓa karya doka a gabana na yi shiru ba.

"Ku zauna, 'ya'yana," in ji Babba. Ba ya ce mana 'ya'yana sai in da magana.

Ya buɗe fayil ɗin tela, ya gyara gilashi, ya karanta a hankali. "Talata: yatsu da ɗumi, suna motsi, jini na kai musu. Laraba: yatsu da ɗumi, suna motsi, jini na kai musu. Alhamis: yatsu da ɗumi, suna motsi, jini na kai musu, ciwo ya lafa." Biyun farko rubutun Dogo ne. Na ukun nawa ne, da shuɗin biron nan mai zubar da tawada.

"Yayan mutumin ya kai ƙara," ya ce. "Kwamitin ladabtarwa zai zauna ranar ashirin da huɗu. Kowannenku ya kawo mini bayaninsa a rubuce kafin ashirin da ɗaya. Fayil ya ce an duba ƙafa kwana uku a jere, lafiya lau. To ke nan tsakanin Alhamis da Jumma'a abin ya faru. Yana faruwa, har a littafi akwai shi. Abin da aka rubuta shi aka yi. Ko akwai mai wata magana?"

"Babu, ranka ya daɗe," in ji Dogo.

Ni kalandar da ke bayan kansa nake kallo, har yanzu watan jiya take nunawa. Ban ce komai ba, shi kuma ya karɓi shirun a matsayin amsa.

Bai tambaye mu ko mun duba ba. Shekara talatin yana aikin nan, ya san tambayar da ba a yi.

Talata, 8 ga wata, ƙarfe shida na safe

Bari in rubuta yadda muke zagayen safe, don ban taɓa ganin sa a rubuce ba. Gado arba'in da biyu ne a ɗakin maza. Likita ɗaya ne ke zagaya su, daga takwas zuwa goma, don ƙarfe goma mutum tamanin na zaune a benci suna jiran sa a ɗakin ganin likita. Minti uku ke nan kowane gado, in ba wanda ya yi amai ko ya riƙe maka hannu yana ba ka labarin surukinsa.

To sai ka zaɓa. Wanda jikinsa ya yi tsanani ka tsaya ka duba. Wanda yake zaune yana shan shayi, ka tsaya a ƙarshen gadonsa, ka ce "Malam, ya jiki?", ya ce "Da sauƙi", ka kalli abin da na jiya ya rubuta, ka sake rubuta shi. Bin sawu muke ce masa. Ba wanda ya koya mini, ba kuma wanda ya hana ni. Na taɓa ganin Babba da kansa ya yi, yana yi yana ba mu labarin wata tiyata da ya yi tun ba a haife mu ba.

Na rubuta duk wannan, na karanta, na ga kamar takardar lauya. Gaskiya ne kuwa, kowace kalma. Ban san me ya sa gaskiyar ke wari ba.

Laraba, 9 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Zagaye ya faɗo kaina. Na yi niyyar in wuce gado na sha huɗu da sauri, sai ya riga ni.

"Likita! Sannu da ƙoƙari. Allah ya saka da alheri."

Siririn mutum ne mai furfura a gefen kunne, bakinsa ba ya rabo da murmushi. Matarsa na zaune a tabarma gefen gado tana ɓare masa lemo. Bargon ya kwanta a inda ƙafar take da, ba tudu.

"Malam, ya jiki?"

"Alhamdu lillahi. Abin dariya, likita, babban yatsan da babu shi ne ke mini ƙaiƙayi. Na ce wa wannan ta sosa mini, ta ce in gaya mata inda aka kai shi ta je can ta sosa."

Matar ta ce, "Kai dai ba ka rabo da shiririta." Ta juya fuska ta share ido da bakin mayafi.

Sai ya tsura wa rigata ido. "Wannan aljihun fa? Haba likita, kina da tela kwance a ɗakinki yana cin abinci a banza, kina yawo da farkakken aljihu? Kawo nan." Na ce ya bari. Ya ce hannunsa ya gaji da zama, in ban ba shi ba zai fara ɗinke zanin gado da labule. Na tuɓe rigar na miƙa masa. Ya aiki matar ta kawo masa allura da farin zare daga shago gobe.

Na ƙarasa zagayen ba farar riga. Ba wanda ya lura.

Alhamis, 10 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Yau Alhamis.

Jumma'a, 11 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Baban yara ya same ni a kicin ina kallon tukunya, ban kunna wuta ba. Ya ce minti nawa ke nan, na ce ban sani ba. Ya ja kujera.

Na ba shi labarin, amma ba duka ba. Na gaya masa kwamiti, na gaya masa bin sawu. Shi malamin lissafi ne, komai sai ya jera shi.

"Tsaya. A ce kin duba ranar Alhamis. Ƙafar za ta rayu?"

"Ban sani ba."

"Ke ce likita."

"Wataƙila ta riga ta mutu tun daren Laraba. Wataƙila da an fasa simintin a lokacin, da an yanke ƙasa da gwiwa. Ban sani ba."

"To abin da ba ki sani ba za ki ɗauka ki aza wa kanki? Ke kika gina ɗaki mai gado arba'in da biyu? Ke kika hana a ɗauki ma'aikata? Maman yara, shekara bakwai kika yi kina karatun nan, Innarki har ɗinkin hula ta yi don ki gama. In suka karɓe lasin ɗinki, mutum tamanin ɗin can na benci wa zai gan su?"

Duk abin da ya faɗa daidai ne. Na ce masa haka. Ya kunna mini wutar ya fita, ya dawo ya tambaye ni ko akwai abin da ban faɗa ba. Na ce gishiri ya ƙare.

Litinin, 14 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau na yaye bargo arba'in da ɗaya. Har na mai karayar hannu, har na wanda aka sallama yana jiran ɗansa ya zo da mota. Wani dattijo ya ce, "'Yata, a kafaɗa ciwon yake." Na ce na sani, Baba, na ci gaba da taɓa masa yatsun ƙafa.

Sai sha ɗaya da rabi na isa ɗakin ganin likita. Wata tsohuwa ta wanke ni tas a gaban jama'a, ta ce tun asuba take zaune, mu likitocin yanzu sai yanga da ɗaga hanci. Na ba ta haƙuri. Ban ji haushi ba, ban ji kunya ba.

Sista ce ke tura mini keken fayil yau. Ta girme ni da shekara ashirin, ta ga likitoci sun zo sun wuce kamar kasuwa. Ita ce kuma ta tura mini keken ranar waccan Alhamis ɗin. A wajen gado na talatin ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Dakta, bargunan nan ba su yi miki laifin komai ba."

Na ce, "Sista, me za ki ce wa kwamiti?"

"Abin da na gani ranar Jumma'a. Shi aka tambaye ni." Ta gyara fayil ɗaya da ya karkace. "Ba a tambaye ni Alhamis ba. In an tambaya, ni dai na kusa ritaya, ba zan fara ƙarya da furfura ba. Amma ba za a tambaya ba."

Gado na sha huɗu kaɗai ban yaye ba. Dogo ne ke wanke masa ciwon, na bar masa.

Laraba, 16 ga wata, ƙarfe uku na rana

Dogo ya tare ni a wajen ajiye motoci. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Alƙaliya, kin rubuta?"

"Tukuna."

"Ni na rubuta. Layi shida." Ya jingina da motata. "Ranar Talata na duba, wallahi na duba, har na matsa farcen na ga jini ya dawo. Laraba kuma... kin san Laraba. Motar nan da ta kife, mutum tara aka kawo a lokaci ɗaya. Ya ce mini ƙafa na zugi, na ce a ƙara masa allurar ciwo, na ruga."

Na ce na sani.

"Ina da takardar gargaɗi ɗaya tun bara, kin sani. Ta biyu kora ce. 'Yan biyun da matata ta haifa ko arba'in ba su yi ba. In kika ce bin sawu kika yi, tambayar farko da za su yi ita ce sawun wa."

"Ban ce zan ce komai ba."

"Ai shi ya sa nake tsoro. Ke in za ki yi abu ba kya cewa." Ya yi 'yar dariya, ba ta kai zuci ba. "Ba ƙafa za ki mayar masa ba fa. Mutum biyu kawai za ki ƙara a kan wanda aka yanke."

Na ce ya gaishe da mai jego. Na shiga mota na zauna har kujerar ta daina ƙona ni, sannan na tayar.

Alhamis, 17 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na ci abinci. Na yi barci. Na kai yara makaranta. Shiru.

Jumma'a, 18 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Sakataren kwamiti ya zo ɗakin maza jiya ya ɗauki bayanin tela. Babba ya tsayar da mu a baranda yau, fuskarsa a sake. Wai telan ya ce kullum sai likita ya zo kansa, ba a taɓa tsallake shi ba, ba shi da ƙorafi a kan kowa, abin da Allah ya rubuta ne. Ya sa hannu.

"Magana ta ƙare," in ji Babba. "Mai ƙafa ya ce an duba, fayil ya ce an duba. Ku kawo takardunku ranar Litinin a rufe zancen." Dogo ya sauke numfashi har na ji iskar a kunnena.

Da rana na bi ta ɗakin. Telan na zaune an jingina shi da filo, rigata a cinyarsa, yana ɗinki. Ƙananan ɗinki ne a jere, kai ka ce keken ɗinki ne ya yi. Ƙafarsa ta hagu na motsi a ƙarƙashin bargo, sama da ƙasa, sama da ƙasa.

"Koya mata nake yi," ya ce. "Shekara ashirin da shida 'yar uwarta ke taka keke, ita tana hutawa. Yanzu hutu ya ƙare. Sai dai ba ta da kai, likita, baya take komawa."

Matar ta biyo ni har bakin ƙofa. Ta ce in yi haƙuri da abin da Yaya ya yi. Ta ce sun yi faɗa sosai ranar Lahadi, nan a gaban mutane. Yayan ya ce sakaci ne, tun ranar Laraba ƙaninsa ke kuka da ƙafa ba wanda ya buɗe ya gani. Telan ya ce masa ya ji tsoron Allah, mutanen da suke tsaye a kansa dare da rana zai kai ƙara? Ya ce in bai janye ba kada ya sake tako masa nan. Yayan ya ajiye kular abinci ya fita, bai dawo ba.

"Shi ya riƙe shi tun mahaifinsu ya rasu," ta ce. "Shi ya saya masa keken farko. Ban taɓa jin sun ɗaga wa juna murya ba sai a kan wannan."

Na ce Allah ya daidaita. Ta ce amin, ta yi mini godiya.

Asabar, 19 ga wata, ƙarfe shida na safe

Yara ba su tashi ba. Bari in rubuta Alhamis ɗin, tunda mako biyu ke nan ina zagaye ta.

Na isa gado na sha huɗu wajen tara saura kwata. Yana zaune yana shan shayi. Na ce, "Malam, ya jiki?" Ba "da sauƙi" kawai ya ce ba. Cewa ya yi, "Likita, jiya kamar ana hura mini wuta a cikin simintin nan, ban runtsa ba. Yau kuwa shiru. Ko jin ta ba na yi. Na gode, maganinku ya yi aiki."

Ɗalibin shekara ta huɗu ya san ma'anar wannan. Ni da kaina na koyar da shi, da alli a hannuna: ƙafar da ke cikin siminti in ta yi zugi a ji tsoro, in ta yi shiru bayan zugi a ruga da gudu. Bargon na nan, tsakanina da shi bai kai kamu biyu ba. Mai ruwan toka, da tambarin asibiti a gefe.

Na ce, "Madalla." Na kwafi layin Dogo, na ƙara "ciwo ya lafa" da hannuna.

Ba wannan ne ƙarshen ba. A gado na ashirin da biyu maganar ta dawo mini. Na juya har na hango shi, yana miƙa wa matarsa kofi. Na duba agogo. Na ce in na gama da mutanen benci zan dawo. Na gama ƙarfe huɗu saura, na tuna yara na jira a makaranta, na tafi. Ban sake tunawa ba sai da Sista ta kira ni washegari.

Wannan ba laifin gado arba'in da biyu ba ne, ba kuma laifin Dogo ba ne.

Na rubuta. Na zaci in na rubuta zan yi kuka. Zan je in dafa shayi.

Lahadi, 20 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Takarda biyu na rubuta. Ɗaya layi shida, irin ta Dogo. Ɗaya shafi guda. Na ba Baban yara ta biyun ya karanta. Ya karanta sau biyu, ya cire gilashi, ya daɗe yana murza ido.

"Wannan ne gishirin da ya ƙare?"

Na ce shi ne.

"Ba wanda ya san wannan sai ke."

"Da yayansa. Shi bai gani ba, amma ya sani. An kore shi a kan ya faɗi gaskiya."

Bai ce in kai ba, bai ce kada in kai ba. Ya ce zai riƙa ɗauko yara daga makaranta wannan makon.

Ba jarumta ba ce, kada wata rana in karanta wannan in yaudari kaina. Na gaji ne da godiyar mutumin nan. Ba zan iya sa rigar ba in ya gama.

Litinin, 21 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Dogo na fara nema. Na same shi yana wanke hannu a ƙofar tiyata. Na ce masa ban ambaci Laraba ba, ban ambaci sunansa ba, nawa kawai na rubuta.

"Naki ai nawa ne," ya ce. Ya ci gaba da cuɗa hannun. "Shekara sha ɗaya muna tare, Alƙaliya." Na jira ko zai ƙara wani abu. Ya tura ƙofa da kafaɗa ya shige.

Babba ya karanta takardar a tsaye. Ya ninke ta biyu, ya miƙo mini. "'Yata, ban ga wannan ba. Je ki sha ruwa ki dawo da wata."

"Ranka ya daɗe, ita ke nan."

"Kin san ba ke kaɗai za ta ci ba? Za su tambayi yadda ake zagaye a sashena. Za su buɗe fayil ɗari su ga layi ɗaya." Ya zauna. Yau na ga tsufansa. "Ni ma na taɓa zama kamar ke. Sai na lura marasa lafiya ba sa ƙarewa, likitoci ne ke ƙarewa."

Hannunsa na nan a miƙe da takardar. Ban karɓa ba. Da ya gaji ya ajiye ta a kan tebur, na ce a huta lafiya.

Talata, 22 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na ja labule na zauna a kujerar gefen gadonsa. Ban taɓa zama a ɗakin nan ba, ashe daga ƙasa silin ɗin ya fi tsawo. Matarsa ta miƙe za ta ba mu wuri, na ce ta zauna.

"Saura gefe ɗaya, likita," ya ce, ya ɗaga rigar. "Gobe war haka kin sa abarki."

Na ce, "Malam, ranar Alhamis ɗin da ka ce mini ba ka jin ƙafarka, ya kamata in buɗe bargon in duba. Shirun da ka ji ba sauƙi ba ne, alama ce ƙafar na mutuwa. Na san haka. Ban buɗe ba, na rubuta cewa na duba. Yayanka ne ke da gaskiya."

Murmushin bai tafi nan take ba, ya ɗan jima a fuskar kamar bai san an gama da shi ba.

"Ai na ga ba ki buɗe ba," ya ce a hankali. "Ina wurin. Ni na zaci ku ba sai kun buɗe ba. Ni ma in mutum ya shigo shago, kafin in ɗauko tef na san awonsa. Na ce haka ku ma kuke."

Ya ɗago ya kalle ni.

"Da kin buɗe, da tana nan?"

"Ban sani ba. Wataƙila a'a. Wataƙila da gwiwar ta tsira."

"Gwiwar." Ya kalli inda bargon ya kwanta. "Mai gwiwa, in an sa masa ta roba, yana taka keke?"

"Wasu suna takawa."

Matar ta sa mayafi ta toshe baki. Shi kuma ya soke allurar a jikin rigar, ya ajiye ta gefe, ya dafa gado da hannu biyu ya juya jikinsa wajen bango. Ya sha wuya kafin ya juyu, ba wanda ya isa ya taimaka masa. Na ce ya yafe mini. Ban san ko ya ji ba.

Na buɗe labulen na fita. Mai gado na sha biyar ya ce in duba masa ruwan da ake ƙara masa, ya tsaya. Na gyara masa.

Alhamis, 24 ga wata, ƙarfe uku na rana

Mutum biyar a bayan dogon tebur, da robar ruwa gaban kowa. Minti arba'in. Sun tambayi sawun wa na bi, na ce fayil na gabansu. Sun kira Sista, wannan karon sun tambaye ta Alhamis. Sun dakatar da ni daga aiki har sai sun yanke hukunci, Dogo ma haka. Mun haɗu a matakala, ya kalli bango har na wuce.

Jumma'a, 25 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ban san abin da mutane ke yi da ƙarfe goma na safe a gida ba.

Litinin, 28 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na je asibiti kwashe kayana daga durowata. Matar tela na zaune a bencin baranda da baƙar leda a cinya, Sista ta ce tun safe take jira. An sallame su yau. Ta miƙe, ba ta gaishe ni ba, ba ta kuma ɓata fuska ba.

"Ya ce a ba ki."

"Ya jikinsa?"

"Yaya ne ya zo ɗaukar sa. Tun ranar Laraba yake zuwa." Ta gyara mayafi. "Na ce wa maigidan ko in ƙarasa miki ɗinkin, ai saura kaɗan. Ya ce a'a, a bar shi yadda yake."

Ta tafi. Na hango su daga nesa a bakin ƙofar fita, wani ƙaton mutum na tura keken marasa lafiya, ya sunkuya yana yi wa na zaune magana a kunne. Ba su waiwayo ba.

A mota na buɗe ledar. An ninke rigar da kyau, ninkin tela. Gefe biyu na aljihun sun ɗinku tsaf, ban taɓa sa riga mai ɗinki irin wannan ba. Na ukun ya tsaya a rabi, zaren na lilo. Na zura hannu a aljihun don in ga ko zai riƙe biro, ashe allurar na nan a inda ya soke ta. Ta shige mini ƙarƙashin farce.

Jini ya fito, ya ɓata farin. Na zauna ina kallon sa, mai gadi na ta yi mini alama in matsar da mota.

Da zafi. Wayyo Allah, da zafi.